Aron Shekara Uku

Ranar Litinin da hantsi Don Pifas mai rubutun bango ya jingine kekensa a ƙofar shagon Rosendo Zamarripa, ya shigo yana goge fenti a jikin wando, ya ce a matsa masa lemo babban kofi, kar a sa ƙanƙara. Sai da ya sha rabi ya ajiye kofin, sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Gwarzo, ran Alhamis zan hau tsani. Wane suna zan rubuta?"

Ƙaramar hukuma ce ta tuna da mu a shekarar zaɓe. Ta katange filin ƙwallon da muka daɗe muna rabawa da awakin unguwa, ta shimfiɗa ciyawa, ta gina ƙofa mai baka, aka kuma yanke cewa za a sa wa filin sunan ɗan wasan gaba guda ɗaya tak da garin San Fermín de las Tunas ya taɓa fitarwa. Ɗan wasan shi ne Rosendo. A wani gari tambayar Don Pifas shirme ce, mutum ai sunansa ɗaya. A namu garin kuwa kowa ya san tambaya ce mai nauyi, domin duk ƙwallo ɗari da goma sha biyun da Rosendo ya ci a rayuwarsa, da sunan ƙanensa Melquiades ya ci su.

"Rosendo," in ji shi, bai ko ɗago daga injin matsa lemo ba. "Sunan da uwata ta sa mini."

"Ni ai gaba ta kai ni, haruffa bakwai sun fi goma sauƙi a wuyana. Amma ka sani, a takarda Rosendo Zamarripa mai sayar da tortiya ne, wainar masarar nan, a bayan kasuwa. Je ka nemi izininsa, kar in gama ya zo ya ce na liƙa sunansa a bango bai sani ba."

Abin ya faro ne shekara talatin da takwas da suka wuce. Wata babbar ƙungiya ta birni ta buɗe gwajin yara 'yan ƙasa da sha shida. Rosendo yana da sha takwas a lokacin, har gashin baki ya fara leƙowa, ƙanensa Melquiades kuma sha biyar. Mahaifinsu Don Atanasio mai gyaran injin ban ruwa ne, kuma ya yi imani babu matsalar da ba a warware ta da cire wannan ƙarfe a sa wancan. Ya buɗe gwangwanin biskit ɗin da ake ajiye takardun gida, ya ɗauko takardun haihuwa biyu, ya musanya. A wancan zamanin ba a ɗauki wannan a bakin komai ba. Yara da yawa sun girmi takardunsu, har suna ake kiransu da shi, kachirul, kuma da dariya ake faɗinsa. Inda Don Atanasio ya bambanta shi ne tsafta a aiki. Ya ce suna ɗaya ba zai riƙa yawo a wuri biyu ba, sai a gane. Saboda haka ya miƙa wa ƙaramin takardar babban, ya ce daga yau a gaban hukuma kai ne Rosendo. Melquiades ya tashi da safe yana ɗan sha biyar, kafin a sauke abincin rana ya zama ɗan sha takwas.

A gida da cikin gari babu abin da ya sauya, kowa da sunan da aka yi masa baftisma ake kiransa, kuma haka zan ci gaba da kiransu a nan. Sai an fita gari, ko an shiga ofis, sannan kowa ya sa sunan ɗan'uwansa.

A birni aka ɗauki Rosendo. Ina za a ƙi shi? Kocin yara ya ce tun da yake bai taɓa ganin ɗan sha biyar mai irin wannan ƙirjin ba, Rosendo ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunyar yabo. Sau biyu yake aske fuska a rana, a ɓoye a banɗaki.

Gaskiya dai, tun da na ga wasansa da idona, ba shi da gudu, ba ya yanka, kuma in ya ce zai tare ƙwallo takan yi nisan da wasu ke ba da fasin. Baiwarsa guda ce, ya san inda ƙwallo za ta faɗo. Zai yi minti tamanin a tsaye kusa da raga, hannu a ƙugu kamar mai jiran bas, 'yan kallo suna ta yi masa ihu ya koma ƙauyensu. Sai a sami bugun kwana, a yi cacukui a gaban gola, ƙwallo ta daki gwiwarsa ta shige. Ya ci da gwiwa, ya ci da ƙeya, ya ci da cinya, sau ɗaya ma da kunne, ya yi sati ana yi masa magana yana cewa me. A rukunin manya wasa goma sha ɗaya ya buga, ya ci biyu, aka gano iyakar iyawarsa. A rukuni na biyu ya sami wurin zama. Ƙungiya bakwai ya yi wa wasa, ya sha tafiyar awa ashirin a bas daga iyakar arewa har gaɓar teku, ya sha rabon ɗaki da gola mai minshari. Sau ɗaya ya zama wanda ya fi kowa cin ƙwallo a kakar wasa, aka ba shi takalmin tagulla, kuma har yau yana kan firjin shagon.

Duk ranar sha huɗu ga Maris abokan wasa sukan sayo kek su rera masa waƙar zagayowar haihuwa, su ce ya ɗan gatsa, yana sunkuyawa su dulmiya fuskarsa a ciki, yadda muke yi wa kowa. Shi kuwa a watan Nuwamba aka haife shi. Yakan wanke fuska ya nemi waya ya kira shagon tortiya ya ce, "Na cinye maka kek ɗinka." Melquiades ya ce, "Allah ya sa ya shaƙe ka." A Nuwamba babu mai ce masa komai, sai uwarsa.

Ya ajiye takalmi yana da talatin da biyu a takarda. Likitan ƙungiya ya ɗaga hoton gwiwarsa ya girgiza kai ya ce abin tausayi, wannan ai gwiwar ɗan talatin da biyar ce. Rosendo ya ce a ransa likitan nan ya san aikinsa. Ya dawo gida da matarsa Griselda, ya buɗe shagon lemo a gefen dandali, ya cika bangon da hotuna da yankan jaridu. Shekara ashirin ke nan yana kallonsu kullum, kuma ko ɗaya babu sunansa a ciki. Bai taɓa faɗa wa kowa ba, ko Griselda, amma abin yana ci masa rai. Mutum ne mai son a yabe shi, ba kuma laifi ba ne. Sau ɗaya kawai yake so ya ɗaga kai ya ga Rosendo da manyan haruffa a wurin da ya dace, kafin Don Pifas ya mutu ko shi ya mutu.

Shi kuwa Melquiades, abin da ya fara samu daga sabon sunansa shi ne ƙuri'ar soja. Duk ɗan sha takwas yakan je dandali a ciro masa ƙwallo daga akwati, in baƙa ce ya koma gida, in fara ce ya yi fareti duk Asabar shekara guda. Fara aka ciro masa. Haka ya yi ta taka ƙasa a layin ƙarshe, cikin takalmin da ya fi shi girma, tsakanin masu gemu, saje yana tambayarsa ko ba a ba shi abinci a gidansu ne. Daga nan ya shiga shagon tortiyar kawunsu, ya gaje shi, ya yi aure, ya yi tumbi. Matarsa takan ce a takardar aure Rosendo Zamarripa ta aura, amma ko ƙwallo ɗaya ba a kawo mata gida ba.

Ranar Talata Rosendo ya sa rigar da Griselda ta goge, ya nufi bayan kasuwa. Ya tarar da layin mata da tsummokin nannaɗe tortiya a hannu, injin yana ta ƙara, Melquiades yana jefa ƙullin masara a bakinsa, gumi har gira.

"A'a, ga ƙanena!" Melquiades ya ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Ku ba yaron nan hanya, gwiwarsa ba ta son tsayuwa. Ka gaida yayanka kuwa?"

"Na girme ka da shekara uku, mai tumbi."

"Kawo takarda mu gani."

Matan suka yi dariya, ko da yake sun ji wannan sau ɗari. Rosendo ya zagaya bayan kanta, ya ɗauki tortiya mai zafi ya barbaɗa gishiri ya naɗe, ya ci, don a sami abin yi da hannu. Sannan ya faɗi maganar Don Pifas, yana kallon injin.

Melquiades ya goge hannu a jikin rigar aiki. "To, bari in lissafa. In aka rubuta Rosendo, a gaban hukuma ni ne. In aka rubuta Melquiades, a gaban Allah ni ne. Ko ta ina aka ɓullo filin nawa ne. Kai dai ka yi mini aikin shekara goma sha bakwai, na gode."

"Ba wasa na zo ba."

"Na ga alama, ka sa riga mai guga." Ya dube shi, dariyar ta ɗan ragu. "Yaya, sunanka ne, ɗauki abinka. Me zan yi da shi? Ko mai kawo masara ba ya kirana da shi. Amma ka je ka gaya wa Mama da bakinka, kar ta ji a coci."

Rosendo ya fito da murna, har ya sayi kilo biyu da ba ya buƙata.

Mahaifiyarsu Doña Eduviges tana da shekara tamanin da uku, kuma ita kaɗai ce a gidan da shekarunta ba su taɓa rikicewa ba. Ranar Laraba da tsakar rana ya same ta a inuwar tsakar gida, da faranti a cinya, tana kankare ƙayar ganyen nopal, wani tsiro mai kaurin ganye da muke dafawa, da ƙaramar wuƙa. Ya sumbaci goshinta ya ja kujera. Ya yi bayani dalla-dalla, har da yawan haruffa.

"Shi ya ce ka ɗauka?"

"Ya ce me zai yi da shi."

"Haka zai ce." Ta juya ganyen ta ci gaba da kankara. "Shiga ɗaki ka ɗauko mini gwangwanin nan."

Ya ɗauko. Ta sa shi ya buɗe da kansa, don hannunta da yauƙi. A ƙarƙashin takardun gona da hoton aurensu akwai wasiƙa mai kan ƙungiyar birni, ta yi launin shayi. Ya san da ita, ita ce ya nuna a ƙofa ranar gwaji. Abin da bai taɓa yi ba shi ne karanta ta har ƙasa, don a ƙofa ba a karantawa, suna kawai ake dubawa. A ƙasan akwai rubutun hannu na mutumin da ƙungiyar ta aiko yawon neman yara. Ya rubuta cewa a kula da wannan da kyau, ɗan siriri ne, lamba goma, ƙafar hagu, bai ga irinsa ba a duk jihar.

Rosendo ya sake karantawa. Shi bai taɓa zama siriri ba.

"Kai kuwa ƙafarka ta hagu hawa bas kawai ta iya," in ji uwar. "Ƙanenka mutumin ya gani. Sunansa ya rubuta tun kafin ubanku ya taɓa gwangwanin nan."

"Baba cewa ya yi ɗan Zamarripa suke nema."

"Ai ɗan Zamarripa ne." Ta ajiye wuƙar. "Ubanku ya ce kai wannan ce damarka ta ƙarshe, ƙaramin yana da lokaci, baɗi sai a kai shi. Na ce to. Ni ma ban ga ramin ba. Baɗin ta zo, ya buɗe gwangwani zai ɗauki takardar yaro, sai ya ga wadda ta rage ta ɗan sha tara ce. A kan kujerar nan da kake kai ya zauna ya riƙe kansa. In ya je ya gyara, kai za a kora, a sa ka a jarida. Mutumin da ya gyara injin kowa a kwarin nan, ya rasa yadda zai yi da takarda biyu."

"Mama, na rantse ban sani ba."

"Wasiƙar ce ba ka sani ba. Amma ka san wanda mutane ke rufe shago su je kallo ran Asabar, kuma ba kai ba ne. Sai fareti ya cinye Asabar ɗin. Da ƙanenka ya gama, ya je wurin 'yan ƙungiyar jiha, suka dubi takarda suka ce ya tsufa da farawa. Yana da sha shida." Ta ɗauki wuƙar. "Rubuta abin da kake so a bangon, ɗana, ka yi wahalarka kai ma, na ga gwiwar. Ni dai na gaji da riƙe wannan ni kaɗai. Za ka ci abinci?"

Bai iya ci ba, kuma wanda ya san Rosendo ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kunya ce ta kama shi, irin wadda ba ta bar masa wurin fakewa ba, don uwar ta faɗi gaskiya. Ya tuna sarai yadda ƙanensa ke ɗaukar ƙwallo daga tsakiyar fili ya wuce mutum huɗu, ya ajiye masa ita a gaban raga, shi kuma ya tura da gwiwa ya ɗaga hannu yana gudu. Ya san wannan tun can, ya dai zaɓi kada ya riƙa tunawa.

Ya isa shagon tortiya wajen ƙarfe uku, an kashe inji, Melquiades yana kankare busasshen ƙulli daga jikin ƙarfe. Da ya ga fuskar wansa sai ya yi tsaki.

"Ta nuna maka. Na ce mata ta ƙona abin nan tun Baba yana da rai."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"In ce me? In kira ka a waya kana shirin wasa in ce dawo mini da shekaruna, ina da buƙata?" Ya ci gaba da kankara. "Da farko na ji haushi, ba zan yi maka ƙarya ba. Shekara biyu ban kunna rediyo ba. In kana wasa sai in tafi gona."

"Sai kuma?"

"Sai ran nan kawu ya kunna ban sani ba, ina tsaye a nan wurin, hannuna cikin ƙulli. Na ji mai sharhin wasan ya ja iska ya ce Melquiaaades, ya ja ya ja har na ce zai suma. Matan layi suka yi ta tafi suna kallona. Ka san me? Na ji daɗi. Sau ɗari da goma sha biyu aka yi ihun sunana a ƙasar nan, ko gumi ban yi ba. Kai kuma ka tashi da gwiwar tsoho." Ya nuna shi da ƙarfen kankara. "Abin da kawai ya ɓata mini rai shi ne ta kunnen nan. Haba Yaya, da sunana za ka ci ƙwallo da kunne?"

Rosendo ya yi dariya, sannan ya juya baya yana duba buhunan masara kamar mai shirin saye.

"Da ka fi ni," in ji shi.

"Nesa ba kusa ba. Amma wa ya sani, wataƙila da an karya ni a wasan farko. Bar shi. Je ka gaya wa Pifas ya rubuta Rosendo, ka daina tsaya mini a kan hanya, zan yi shara."

Ranar Alhamis da safe Don Pifas ya kafa tsani, ya ja layi biyu da zare mai alli a saman ƙofar, ya raba wurin gida bakwai. Ya tsoma buroshi a jan fenti ke nan sai ga Rosendo.

"Don Pifas, sake rabawa. Gida goma."

Tsohon ya leƙo ta ƙarƙashin hammata. "Ka tabbata? Fentin mai ne, ba ya gogewa. Kuma ba za a sake gina wani fili a garin nan ba sai jikokinka sun yi furfura."

"Na sani."

"Ka sa na ɓata alli." Ya goge layukan da tsumma yana gunaguni a kan mutanen da ba su san sunansu ba. Rosendo ya tsaya a rana har aka gama harafi na goma. Ba zan ce bai ji ciwo ba, ya ji, ya kuma san wannan ita ce damar da ba za ta dawo ba. Da Don Pifas ya sauko, Rosendo ya ce rubutu ya yi kyau, ya koma shago ya matsa wa wata mata lemo ya manta bai cire 'ya'yan ba.

Ranar Lahadi bayan an fito daga coci garin duka ya tattaru. An kawo 'yan bushe-bushe da babbar ganga, limamin coci ya yayyafa wa ragogi biyu ruwa mai tsarki, ana sayar da romon akuya a bakin ƙofa. Shugaban ƙaramar hukuma ya yi jawabin da ya fi rabin wasa tsawo. An jera kujeru a gefen fili, Doña Eduviges a tsakiya da lema, Rosendo a damanta cikin kwat, Melquiades a hagunta da rigar coci wadda maɓallanta ke shan wahala. An shirya cewa mai filin zai buɗe shi da fenariti, golan ƙungiyar gari a raga.

Mai sanarwa baƙo ne daga birni, abin da ke takarda kawai ya sani. Ya ɗaga murya ya ce, "Muna gayyatar gwarzonmu, Melquiades Zamarripa!"

Aka yi tafi. Rosendo bai motsa ba. Tafin ya fara raguwa, mai sanarwa ya duba takardarsa ya sake kira.

Rosendo ya leƙa ta gaban uwarsu ya ce, "Ana kiranka."

"Kai, bar shirme. Tashi."

"Ni sunana Rosendo. Tambayi Mama."

Doña Eduviges ta ce, ba tare da ta dubi ko ɗayansu ba, "Ka ji dai an kira ka. Ni ban haifi kurma ba."

Waɗanda ke kusa suka ji, magana ta bi layin kujeru har ƙarshen fili. Tsofaffin garin, waɗanda suka taɓa rufe shago ran Asabar, su suka fara miƙewa. Wani ya fara kiran sunan, wasu suka karɓa, mai ganga ya shiga. Melquiades ya dubi wansa kamar zai shaƙe shi, sannan ya tashi, ya ja wando sama, ya taka ciyawar da takalmin coci. Mai sanarwa ya dubi hoton da ke takardarsa, ya dubi mai tumbin da ke tahowa, ya ƙyale don ya ga babu wanda ya damu.

Melquiades ya juya ƙwallon da tafin ƙafa sau ɗaya, ya gyara mata zama. Bai ja da baya sosai ba, taku biyu kawai. Ya karkata jiki kamar zai buga dama, golan ya tafi can gaba ɗaya, sai ƙafar hagu ta shiga ƙarƙashin ƙwallon a hankali, ta ɗaga ta, ta lanƙwasa ta sauka a kusurwar sama ta ɗaya gefen, ta zame a jikin raga ta kwanta. Rosendo ya yi shekara goma sha bakwai a cikin 'yan wasa, ya san abin da ya gani. Ya miƙe da gwiwar nan tasa yana ihu da kowa, hawaye na zuba a kan kwat ɗin, bai goge ba.

Melquiades ya dawo yana ɗingishi, hannu a bayan cinya, ya faɗa kan kujera yana haki.

"Na ja jijiya," in ji shi. "Ka ga abin da ka ja mini? Ka sa ɗan shekara hamsin da shida bugun fenariti."

"Hamsin da uku," in ji Rosendo. "Hamsin da uku gare ka."